Jagorar Haɗa Faifai Biyu Su Zama Madubin Juna da LVM a Kan Saba

Tambayar da ta fi yawaita daga masu karatu a kwanakin nan, musamman masu kula da kwamfutocin makarantu masu zaman kansu a Tudun Wada da Sabon Gari, da masu cibiyoyin kwamfuta na kewayen Samaru da Kongo, duk a Zariya, ita ce yadda za a yi saba, wato babbar kwamfutar da sauran suke dogara da ita, ta ci gaba da aiki idan faifan ajiyarta ya mutu. Akasarinsu na'ura ɗaya suke da ita mai ɗauke da Proxmox, ko Ubuntu da KVM, manhajojin da ke gudanar da kwamfutoci da yawa a na'ura ɗaya, a cikinta kuma akwai baƙin kwamfutoci uku ko huɗu, wato waɗanda ba su da gangar jiki nasu, suna zaune ne a cikin babbar na'urar. Wata tana riƙe da sakamakon jarrabawa, wata lissafin kuɗin makaranta, wata rajistar ɗalibai, kuma dukkansu a kan faifai guda suke kwance.

Wannan jagora ta shafi yadda ake haɗa faifai biyu ta hanyar LVM, tsarin Linux na tara faifai da yanka su, su zama madubin juna, abin da ake kira RAID1, ta yadda duk abin da aka rubuta a ɗaya za a rubuta shi a ɗayan a lokaci guda. Sunaye uku za su yi ta maimaituwa. PV shi ne faifan da aka miƙa wa LVM, VG shi ne rumbun da ake tara faifan a cikinsa, LV kuma shi ne yankin da ake yankowa daga rumbun don a yi amfani da shi. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne cewa a tsarin LVM kowane yanki ne ake yi wa madubi daban. Zuba faifai biyu a rumbu ɗaya bai sa bayanai sun zama kwafi biyu ba, kuma yawancin asarar da ake tafkawa daga wannan rashin fahimta take tasowa.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Manhajojin duk kyauta ne: lvm2, smartmontools da parted, kuma umarnin `apt install lvm2 smartmontools parted` zai sauko da su a Debian da Ubuntu da Proxmox. Kuɗin yana wajen faifai. Wanda yake buƙatar wurin ajiya na 2TB zai sayi faifai biyu masu 2TB kowanne, ya amfana da girman guda ɗaya, saboda haka farashin kowace terabait ya ninka ke nan. Idan aljihu ya ba da hali, a ƙara na uku a ajiye a kwalinsa don ranar musanya, domin ba kullum ake samun irin wanda ake so a shagunan PZ ko Sabon Gari ba, wani lokacin sai an aika Kano ko Ikeja, kuma kwanakin jiran kaya su ne mafi haɗari ga saba mai tafiya a kan faifai ɗaya. Bayan haka akwai faifan waje mai USB na kwafin ajiya. Wannan dole ne, domin madubi yana kwafe kuskure kamar yadda yake kwafe daidai: fayil ɗin da aka goge bisa kuskure, ko wanda manhajar garkuwa da bayanai ta kulle, ya tafi a faifai biyun a daƙiƙa guda.

Wajen saye a nemi faifai mai fasahar CMR, a guji SMR, domin na biyun yana ja da baya ƙwarai idan aka daɗe ana rubutu a kansa ba tsayawa, kuma irin wannan rubutun ne ake yi ranar sake gina madubi. WD Red Plus da Seagate IronWolf duk CMR ne. A ganina ya fi kyau faifan biyu su fito daga kamfanoni daban-daban, ko aƙalla a saye su a shaguna daban, saboda waɗanda aka ƙera rana ɗaya, suka yi aiki iri ɗaya cikin zafi iri ɗaya, suna iya gajiya kusa da juna. Sauran kayan su ne wayoyin SATA sababbi guda biyu, sukundireba, farin salatef da maka ta rubutu, da kuma UPS ko inbata da za ta riƙe na'urar tsakanin ɗaukewar wuta da tayar da janareta.

Na ɗauka cewa babbar manhajar sabar tana kan wani faifai na daban, misali ƙaramin SSD, sababbin biyun kuma na bayanai ne kawai. Duk umarnin da ke ƙasa da izinin root, wato babban mai iko a kan na'urar, ake ba da su.

1. Gane kowane faifai da lambarsa

Kafin a ɗaura faifai a cikin akwati, a kwafi lambar siriyal da ke jikin takardarsa, a rubuta haruffa huɗu na ƙarshe a salatef, a manna a gefen da ido zai gani idan an buɗe murfi. A jona kowanne da ramin SATA na allon kwamfutar kai tsaye, a shiga BIOS a tabbata SATA tana kan AHCI ba RAID ba. Bayan na'ura ta tashi sai a ba da wannan umarni:

`lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL,MOUNTPOINT`

Faifan 2TB zai bayyana da girman 1.8T, wato kusan 1863 GiB. Ba a cuce ka ba, kamfanoni da dubu-dubu suke ƙirga, Linux kuma da 1024.

Gargaɗi: sunayen /dev/sdb da /dev/sdc ba su da tabbas, suna iya musanya wuri bayan an sake kunna na'ura ko an soka filashi. A wannan jagora zan yi amfani da su don taƙaita rubutu, amma kai ka sake duba `lsblk` ka gwada lambar siriyal kafin kowane umarni mai gogewa. Sunayen da ba sa canzawa suna cikin /dev/disk/by-id. Haka kuma kada a sa rabin madubi a akwatin USB, domin ɗan motsin waya ya isa ya fitar da shi daga madubin.

2. Auna lafiyar faifai

Wannan mataki ne ake yawan tsallakewa saboda gaggawa, alhali shi ne yake raba faifai mai kyau da wanda aka goge wa ƙura aka mayar kwali. A fara da `smartctl -a /dev/sdb`, a duba layuka huɗu. Lamba 5, Reallocated_Sector_Ct, da lamba 197, Current_Pending_Sector, da lamba 198, Offline_Uncorrectable, duk ana so a ga sifili a ginshiƙin ƙarshe. Lamba 9, Power_On_Hours, tana nuna awannin da faifan ya yi a kunne. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, saboda haka faifan hannu da ya nuna 35,000 ya yi kusan shekara huɗu yana juyawa dare da rana, ko me mai shago ya faɗa. Ba na hana sayen na hannu ga wanda ba shi da hali, amma kada duka biyun su zama tsofaffi.

Daga nan a ba da `smartctl -t long /dev/sdb`, a maimaita wa /dev/sdc. Gwajin yana ɗaukar awanni, kuma umarnin da kansa zai faɗi lokacin da ake sa ran gamawa. Ana ganin sakamako da `smartctl -l selftest /dev/sdb`. Idan ba a ga "Completed without error" ba, a mayar da faifan shago tun rasit bai tsufa ba.

3. Sharewa da yankawa

`wipefs -a /dev/sdb`

`parted -s /dev/sdb mklabel gpt mkpart lvm 1MiB 100% set 1 lvm on`

A yi wa /dev/sdc haka nan. Yanzu akwai /dev/sdb1 da /dev/sdc1.

Gargaɗi: waɗannan umarni biyu ba sa tambaya ko ka tabbata. Harafi ɗaya aka kuskure, aka rubuta sda a wurin sdb, babbar manhajar sabar ce ta shiga haɗari. Duk faifan da `lsblk` ya nuna yana da wani abu a ginshiƙin MOUNTPOINT ana amfani da shi, kada a taɓa shi.

4. Gina rumbu

`pvcreate /dev/sdb1 /dev/sdc1`

`vgcreate vg_ajiya /dev/sdb1 /dev/sdc1`

Umarnin `vgs` zai nuna rumbu mai girman kusan 3.64T. Wannan adadi yana ruɗar mutane, domin jimillar faifai biyun ce, abin da za a iya amfana da shi a madubi kuwa rabinsa ne. Masu Proxmox su lura cewa akwai wani rumbu mai suna pve da aka gina lokacin girka manhajar. A bar shi yadda yake, kada a zuba sababbin faifan a cikinsa.

5. Yanko yanki mai madubi

`lvcreate --type raid1 -m 1 -L 1000G -n lv_baki vg_ajiya /dev/sdb1 /dev/sdc1`

Ma'anar `-m 1` ita ce ƙarin kwafi ɗaya a kan na asali, wato kwafi biyu gaba ɗaya. Na zaɓi 1000G da gangan ban cinye faifan duka ba. Ƙara wa yanki girma daga baya aikin minti ɗaya ne, rage shi kuwa aiki ne mai haɗari, sannan wurin da aka bari zai yi amfani ranar da faifan musanya ya zo ya ɗan gaza na asali girma, abin da yakan faru ko da duka an rubuta musu 2TB.

Yanzu a duba abin da aka gina:

`lvs -a -o name,copy_percent,devices vg_ajiya`

Amsar za ta yi kama da wannan:

lv_baki 12.50 lv_baki_rimage_0(0),lv_baki_rimage_1(0)
[lv_baki_rimage_0] /dev/sdb1(1)
[lv_baki_rimage_1] /dev/sdc1(1)
[lv_baki_rmeta_0] /dev/sdb1(0)
[lv_baki_rmeta_1] /dev/sdc1(0)

Layukan rimage su ne kwafin bayanai guda biyu, kuma abin da za a tabbatar shi ne ɗaya yana kan sdb1 ɗayan yana kan sdc1. Layukan rmeta ƙananan wurare ne masu 4 MiB kowanne inda madubin yake rubuta wane sashe ne bai gama daidaitawa ba. Albarkacinsu ne idan wuta ta ɗauke ba zato, madubin ba ya sake kwafe faifai daga farko, sai sassan da aka katse ana cikin rubuta su. Lambar 12.50 ita ce kashin da aka daidaita cikin ɗari. Idan faifan yana tafiyar 150 MB a daƙiƙa, yanki mai 1000G zai ɗauki kimanin awa biyu kafin ya kai 100.00. Ana iya fara amfani da shi kafin nan, amma kariya ba ta cika ba sai ya kai, don haka a fara wannan mataki lokacin da aka san akwai man janareta ko cajin batir da zai kai ƙarshe.

Gargaɗi: za ka ga wasu suna ƙara `--nosync` don tsallake jiran. Kada ka bi su, domin binciken wata-wata da za mu saita a mataki na 10 zai yi ta kawo rahoton saɓani a wuraren da ba a taɓa daidaitawa ba, har ka kasa bambance matsalar gaske da ta banza.

6. Tsarin fayil da ɗora shi

`mkfs.ext4 /dev/vg_ajiya/lv_baki`

`mkdir /mnt/ajiya`

`blkid /dev/vg_ajiya/lv_baki`

Na fi son ext4 a nan saboda ana iya rage masa girma idan ta kama dole, XFS kuwa ƙaruwa kawai yake yi. Umarni na uku zai fito da lambar UUID. A buɗe /etc/fstab, fayil ɗin da ke lissafa abin da za a ɗora idan na'ura ta tashi, a ƙara layi ɗaya a ƙasa, a sa lambar a inda na rubuta LAMBA:

`UUID=LAMBA /mnt/ajiya ext4 defaults,nofail 0 2`

Sai a ba da `systemctl daemon-reload`, a bi shi da `mount -a`, a tabbatar da `df -h /mnt/ajiya`. Kalmar nofail tana da muhimmanci: in babu ita, ranar da yankin ya ƙi tashi, sabar gaba ɗaya za ta maƙale a tsakiyar tashi tana jiran wanda zai zauna a gabanta da allon rubutu, kai kuma wataƙila kana Shika ko Wusasa a lokacin. Kada a sake kunna na'ura sai `mount -a` ya wuce ba ƙorafi.

7. Miƙa wurin ga baƙin kwamfutoci

A nan ne tarkon da na ambata a farko yake. A shafin Proxmox akwai zaɓin ƙara wurin ajiya nau'in LVM, inda zai nuna maka vg_ajiya ka zaɓa, kuma libvirt, manhajar da ke sarrafa KVM, ita ma tana da irinsa. Hanyar tana da sauƙi, tana kuma aiki, sai dai duk faifan baƙuwar kwamfuta da aka ƙirƙira ta nan sabon yanki ne na talaka wanda ba shi da madubi, yana kwance a kan faifai ɗaya tak. Mai saba zai yi shekara yana ganin faifai biyu suna ƙyafta fitila, hankalinsa kwance, ranar da ɗaya ya mutu ya tarar rabin kwamfutocinsa sun tafi tare da shi, lv_baki kuma yana nan lafiya lau babu komai a cikinsa.

Hanyar da ta fi aminci ga mai farawa ita ce a ba wa Proxmox babban fayil ɗin da aka ɗora madubin a kansa:

`pvesm add dir madubi --path /mnt/ajiya --content images,rootdir --is_mountpoint yes`

Sashen ƙarshe na umarnin yana hana Proxmox rubutu a /mnt/ajiya idan madubin bai hau ba. In ba a sa shi ba, zai ci gaba da zuba bayanai a kan ƙaramin SSD na babbar manhaja har ya cika shi. Tsofaffin baƙin kwamfutoci kuma ana mayar da faifansu zuwa wurin ajiya mai suna madubi ta zaɓin matsar da faifai da ke sashen Hardware na kowace ɗaya, a bi su ɗaya bayan ɗaya, bayan an tashi daga aiki.

Mai amfani da KVM a kan Ubuntu yana da zaɓi biyu. Ko dai ya ajiye fayilolin qcow2, wato faifan baƙin kwamfutocin, a cikin /mnt/ajiya, ko ya yanka wa kowace baƙuwa nata yanki mai madubi da irin umarnin mataki na 5, misali lv_kudi mai 100G ga baƙuwa mai suna lissafi, ya miƙa mata shi kai tsaye ba tare da ya yi masa tsarin fayil ba:

`virsh attach-disk lissafi /dev/vg_ajiya/lv_kudi vdb --targetbus virtio --cache none --persistent`

Ko wace hanya aka bi, a riƙa ba da `lvs -o name,segtype vg_ajiya` duk lokacin da aka ƙara wani abu. Yankin da aka rubuta wa raid1 yana da kariya, wanda aka rubuta wa linear ba shi da ita. Masu son LVM-thin, inda yankuna da yawa ke ɗibar wuri daga tafki ɗaya, su sani cewa tafkin yana da sassa biyu, na bayanai da na bayanin bayanai, kuma dole kowannensu ya zama raid1, domin rasa ƙaramin daidai yake da rasa babban.

Fayilolin saitin baƙin kwamfutocin ba sa kan madubi. Na Proxmox suna /etc/pve/qemu-server, na libvirt suna /etc/libvirt/qemu. A riƙa kwafe su zuwa /mnt/ajiya da faifan waje. Idan SSD ya mutu, za a sake girka manhaja, LVM kuma zai gane rumbunsa da kansa tunda bayanin tsarin yana rubuce a jikin faifan, sai a mayar da fayilolin saitin.

8. Idan tuni akwai bayanai a yanki marar madubi

Ba sai an goge an sake ba. A ɗauki kwafin ajiya tukuna, a shirya sabon faifai kamar yadda aka yi a mataki na 1 zuwa na 3, sannan:

`pvcreate /dev/sdc1`

`vgextend vg_ajiya /dev/sdc1`

`lvconvert --type raid1 -m 1 vg_ajiya/lv_tsoho /dev/sdc1`

Ana yin wannan saba tana aiki, sai dai za a ji ta yi nauyi har kwafewa ta ƙare. Idan nauyin ya dami ma'aikata, `lvchange --maxrecoveryrate 50M vg_ajiya/lv_tsoho` zai rage saurin kwafewar. Umarnin juyawar yakan ƙi idan tsohon faifan ya cika maƙil, domin yana buƙatar ɗan wurin nan na 4 MiB a kansa don rmeta.

9. Gwajin cire faifai

Kafin a zuba bayanan gaske, kuma bayan daidaitawa ta kai 100.00, a ajiye 'yan fayiloli a /mnt/ajiya, a kashe saba, a zare wayar SATA ta faifai ɗaya, a kunna. A kan na'urori da yawa yankin ba zai tashi da kansa ba, domin LVM yana jiran duk faifan rumbu su hallara kafin ya tayar da shi. Gara a ga wannan yau da rana tsaka, da a fara ganinsa ranar da ɗalibai suke layi suna jiran sakamako. Ana tayar da shi da hannu kamar haka:

`vgchange -ay --activationmode degraded vg_ajiya`

`mount /mnt/ajiya`

A buɗe fayilolin a tabbata suna nan. Umarnin `lvs -o name,lv_health_status vg_ajiya` zai nuna partial, `pvs` kuma zai nuna faifai ɗaya a matsayin unknown. A rubuta umarnin nan biyu a takarda a manna a jikin akwatin sabar. Daga nan a kashe, a mayar da wayar, a kunna. Idan LVM ya ci gaba da ɗaukar faifan a matsayin ɓatacce, `vgextend --restoremissing vg_ajiya /dev/sdc1` zai dawo da shi, idan kuma yanayin yankin ya nuna "refresh needed", sai a ba da `lvchange --refresh vg_ajiya/lv_baki`, a jira ya koma 100.00.

Gargaɗi: kada a gwada ɗayan faifan sai an ga daidaitawa ta cika. Wanda ya tayar da saba da faifai na farko shi kaɗai ya yi rubutu, sannan ya tayar da ita da na biyu shi kaɗai ya sake rubutu, ya samar da kwafi biyu masu saɓani, kuma dole a sadaukar da ɗaya.

10. Sa ido

Amfanin madubi shi ne saba ba ta tsayawa idan faifai ya mutu, illarsa kuma ita ce ba wanda zai lura an yi mutuwar. Saitin raid_fault_policy da ke /etc/lvm/lvm.conf yana zuwa a kan "warn", ma'ana LVM zai rubuta gargaɗi a kundin rahoton na'ura ya yi shiru, kundin da ba kowa ke buɗewa ba. Ana iya mayar da shi "allocate" idan akwai faifai na uku a cikin rumbun yana jira, sai LVM ya musanya da kansa. Ni na fi son na ukun ya zauna a kwali nesa da soket, domin wutar da ta hauhawa ta ƙone akwatin wutar saba tana iya tafiya da duk abin da ke jone.

A buɗe /etc/smartd.conf a saita layin DEVICESCAN da `-a` da `-m` tare da adireshin imel da ake dubawa kullum, a ƙara `-M test` na ɗan lokaci, a sake tayar da smartd, manhajar da ke sa ido kan lafiyar faifai. Idan saƙon gwaji bai iso ba, aikin bai kammala ba, a gyara hanyar aika imel ta sabar tukuna.

Sau ɗaya a wata a sa madubin ya karanta kansa daga farko zuwa ƙarshe, domin lalataccen sashe yakan ɓuya a wurin da ba a cika karantawa ba, har sai ranar sake gini lokacin da babu kwafi na biyu da za a gyara shi da shi. A ƙirƙiri fayil a /etc/cron.d mai wannan layi:

`0 10 1 * * root /sbin/lvchange --syncaction check vg_ajiya/lv_baki`

Na sa ƙarfe 10 na safiyar ranar 1 ga wata saboda yawancin sabobinmu ba sa kwana a kunne, kuma aikin da aka tsara wa tsakar dare ba zai taɓa gudana ba. Ana ganin sakamako da `lvs -o name,raid_sync_action,raid_mismatch_count vg_ajiya`. Ɗan saɓani kaɗan yana iya fitowa a RAID1 ba tare da faifai ya lalace ba, musamman idan baƙin kwamfutoci suna yawan rubutu. Kafin a ba da `--syncaction repair` a duba smartctl na faifan biyu, domin gyaran daidaita kwafin biyu kawai yake yi, bai san wanne ne mai gaskiya ba.

Zafi ma abin dubawa ne. Layi na 194 a smartctl yana nuna zafin faifai, kuma daga Maris zuwa Mayu, a ɗakin da ba shi da iyakwandishan, yana hawa da sauri. Shawarata ita ce idan ya wuce digiri 45 a ƙara fanka a gaban faifan, a bar tazara tsakaninsu. Bayan hunturu kuma a buɗe akwatin a hure ƙurar da ta toshe ramukan iska.

11. Ranar da faifai ya mutu

Abu na farko shi ne sabon kwafin ajiya zuwa faifan waje, kafin a taɓa sukundireba, domin sake gini yana matsa wa faifan da ya rage lamba fiye da kowane aiki. Sannan a ba da `lsblk` na mataki na 1 a rubuta lambar siriyal ta faifan da ke raye. Wanda lambarsa ba ta fito ba, ko wanda smartctl ya nuna ya lalace, shi za a cire. Wani lokacin waya ce ta saki ko ta lalace, don haka a gwada sabuwar waya da wani ramin SATA kafin a yanke wa faifai hukunci.

A kashe saba, a cire mataccen bisa lambar da ke salatef, a ɗaura sabo, a auna shi, a yanka shi kamar mataki na 2 da na 3. A ce ya fito da suna /dev/sdd1:

`pvcreate /dev/sdd1`

`vgextend vg_ajiya /dev/sdd1`

`vgchange -ay --activationmode degraded vg_ajiya`

`lvconvert --repair vg_ajiya/lv_baki /dev/sdd1`

A maimaita umarnin ƙarshe wa kowane yanki mai madubi da ke rumbun, domin gyara ɗaya bai gyara sauran ba. Sai bayan duka sun kai 100.00 za a share sunan mataccen da `vgreduce --removemissing vg_ajiya`.

Gargaɗi: idan wannan umarni ya ƙi, ya ba da shawarar a ƙara `--force`, a dakata. Ma'anarsa akwai yankin da har yanzu yake dogara da faifan da ya ɓace, kuma tilastawa tana iya share yankin ɗungurungum. A koma `lvs -a -o name,segtype,devices vg_ajiya` a gano wanne ne.

Idan faifan bai mutu ba tukuna, lambobi 5 da 197 ne kawai suke hawa, kuma akwai ramin SATA na uku, an samu sauƙi. A jona sabon tare da tsofaffin, a shigar da shi rumbu, a ba da `lvconvert --replace /dev/sdc1 vg_ajiya/lv_baki /dev/sdd1`. Bayan kwafewa ta cika a fitar da tsohon da `vgreduce vg_ajiya /dev/sdc1` da `pvremove /dev/sdc1`.

12. Ƙara girma

Idan wuri ya fara cika, kuma `pvs` ya nuna akwai saura a faifai biyun, `lvextend -r -L +200G vg_ajiya/lv_baki` zai ƙara 200G a kowane ɓangare, harafin `-r` kuma zai faɗaɗa tsarin fayil a tare, saba tana aiki. Idan faifan sun cika, a sayi manya guda biyu, a musanya su ɗaya bayan ɗaya da `--replace`, a jira na farko ya kai 100.00 kafin a taɓa na biyu, sannan a faɗaɗa yankin. Bayan kowane canji a ba da `vgcfgbackup vg_ajiya`, a kwafi fayil ɗin da ya ajiye a /etc/lvm/backup zuwa faifan waje, a kuma sabunta lambobin da ke salatef.